Yadda Ake Sa Hasumiya Aiki a Wasan Ces

Idan ka duba wasannin masu koyon ces waɗanda suka ƙare da wuri, kusan kullum abu guda za ka tarar: an ci dawakai, sarauniya ta gama yawo a allo, an ritsa sarki, amma hasumiyoyi na nan a kusurwa inda aka jera su tun farko. Hasumiya, wadda 'yan wasa ke kira ruk, ita ke bin sarauniya a ƙarfi. A ƙiyasin da aka saba, soja maki 1 ne, doki 3, bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Wanda ya bar hasumiyoyinsa biyu a kwance ya ajiye maki 10 ke nan a gefe, fiye da sarauniya guda, ya tafi fagen fama da abin da ya rage.

Abin da ke jawo haka yana cikin yanayin tafiyarta. A miƙe take tafiya, gaba ko baya, dama ko hagu, iyakar inda hanya ta buɗe, kuma ba ta tsallake kowa. A allon da babu komai, duk inda ka ajiye ta gida 14 take kaiwa, a tsakiya ko a kusurwa. Doki ba haka yake ba: gida 8 yake kaiwa daga tsakiya, 2 kacal daga kusurwa. Doki wurin tsayawa yake nema, ita kuwa hanya take nema. Kamar babbar mota take, ba ta shiga lungu, amma idan ta hau titi sai a kauce. Aikinka tun daga farkon wasa har ƙarshensa shi ne ka buɗe mata hanya, ka hana ta zaman gadi.

Don mu fahimci juna: jerin gidajen da ke miƙewa daga gabanka zuwa gaban abokin karawarka su ne layuka, daga a zuwa h. Waɗanda ke kwance su ne sahu-sahu, daga 1 zuwa 8. Hasumiyoyin Fari suna a1 da h1, na Baƙi suna a8 da h8. Daga ɓangaren Fari zan riƙa magana, idan kai ne Baƙi sai ka juya lissafin. Ka ajiye allo a gabanka kana jera misalan da hannunka, domin karantawa kawai ba ta sa su zauna a ka.

Mataki na farko: fito da su ta ƙofar da ta dace

Kada ka yi gaggawar fito da hasumiya ta gefe. Masu koyo da yawa sukan tura sojan a2 zuwa a4, su ɗaga hasumiya zuwa a3 a taku na biyu. Idan Baƙi ya riga ya tura sojansa na e7, bishof ɗinsa na f8 yana kallon a3 kai tsaye, sai kawai ya cinye ta. Ka ba da 5 ka karɓi 3. Ko ba a ci ta ba, a farkon wasa allo cike yake da sojoji da ƙananan 'ya'ya, kowanne yana iya korarta, kuma duk korar da aka yi mata kai ne ka yi asarar taku.

Fara da sojojin tsakiya, ka fitar da dawakai da bishof-bishof, sannan ka yi kasilin. Kasilin shi ne takun da sarki ke matsawa gida biyu wajen hasumiya, ita kuma ta tsallako ta tsaya a ɗaya gefensa. Ta gajeren gefe sarki na sauka a g1, hasumiya a f1. Ta dogon gefe sarki na c1, hasumiya na d1. Sharuɗɗansa: sarki da wannan hasumiyar ba su taɓa motsawa ba, babu kowa a tsakaninsu, sarki ba ya cikin cek (wato ba a harinsa a lokacin), kuma ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da abokin karawa ke hari ba. Wani abu da ake yawan gardama a kai: idan hasumiyar ce ake hari, ba sarki ba, kasilin ya halatta. Haka nan idan b1 kaɗai ake hari, kana iya yi ta dogon gefe, tunda sarki ba ya bi ta nan.

Bayan kasilin, ɗaga sarauniya daga d1, ko da gida ɗaya ne. Yanzu babu kowa tsakanin hasumiyoyin biyu a sahu na 1, kowacce na tsare 'yar'uwarta. Ranar da ka ga haka a allonka, ka gama shiri.

A 1858, a birnin Paris, Paul Morphy na Amurka ya buga wani gajeren wasa da wasu manyan mutane biyu da suka haɗa kai suna riƙe da Baƙi. A taku na 12 ya yi kasilin ta dogon gefe, hasumiyarsa ta sauka a d1, kan layin da ya riga ya buɗe. A taku na 13 ya ba da ita a d7. A na 14 ya kawo ɗayar daga h1 ta maye gurbinta a d1. A na 16 ya ba da sarauniya a b8, a na 17 hasumiya ta sauka a d8, cekmet, wato an ritsa sarki babu mafita, wasa ya ƙare. Lokacin da aka tashi, hasumiya ɗaya da bishof ɗaya suka rage masa cikin manyan 'ya'ya, amma duka biyun suna bakin aiki. Hasumiyar Baƙi ta h8 da bishof ɗinsa na f8 ko sau ɗaya ba su motsa ba.

Mataki na biyu: zaɓi layi, kuma zaɓi wacce za ta hau shi

Layin da babu sojan kowa a kansa shi ne buɗaɗɗen layi, nan ne gidan hasumiya. Wanda sojan abokin karawa kaɗai ke kansa rabin buɗe yake, shi ma yana da amfani, domin hasumiyarka na matsa wa wannan sojan lamba, dole a tsayar da wani ya tsare shi. Idan babu ko ɗaya, duba inda sojoji ke gab da cin juna. Idan sojanka na c4 yana fuskantar nasa na d5, layin c ko na d zai buɗe nan gaba kaɗan. Ka riga shi zuwa, ka ajiye hasumiya a can kafin a yi musayar. Gwanaye ma da gangan suke tura soja ya yi karo, ba don sojan ba, sai don hanyar da za ta buɗe a bayansa.

Sai tambayar da ke ba har manyan 'yan wasa ciwon kai: wacce daga cikin biyun zan kai? Abin da nake ganin ya fi shi ne kada ka taɓa ko ɗaya sai ka yanke shawarar inda duka biyun za su zauna. A ce layin d a buɗe yake, layin c kuma rabin buɗe. Hasumiyar f1 ta tafi d1, ta a1 ta tafi c1, kowacce ta samu aiki. Idan ka yi kuskuren kai ta a1 zuwa d1, ka toshe wa ta f1 hanyar zuwa c1, e1 kaɗai ya rage mata. Amma idan shirinka shi ne tura sojan f gaba ka kai hari wajen sarki, to ta f1 tana inda ya kamata, ta a1 ce za ta zo d1 ko e1.

Ƙarin abu ɗaya: hasumiya tana son tsayawa a layi ɗaya da sarauniyar abokin karawa, ko da akwai 'ya'ya a tsakani. Duk wanda ya gusa daga tsakiyar, sarauniya ta shiga haɗari, kuma wannan fargabar kaɗai takan sa a ɓata taku wajen kautar da ita.

Mataki na uku: mallake layin

Hawa layi daban, mallakarsa daban. Ka ajiye hasumiya a d1, shi ma ya ajiye tasa a d8, yanzu fa? Kada ka yi saurin ci. Idan ka ci tasa a d8, ya rama da ɗaya hasumiyar, to kai ka sauka daga layin shi ya hau. Abin da za ka yi shi ne ka ɗaga taka zuwa gidan da ke da kariya a kan layin, kamar d2, ko d5 idan sojanka na e4 yana tsare shi, sannan ka kawo ta biyu bayanta a d1. Biyu a layi ɗaya, ta baya na tallafar ta gaba. Idan shi ya ci, kai za ka rama, layi ya zama naka.

Anatoly Karpov ya nuna wata dabara a kan wannan a wasansa da Wolfgang Unzicker, a gasar Olimfiyad ta ces da aka yi a Nice a 1974. Layin a ne a buɗe, hasumiyoyi na kallon juna. A taku na 24 Karpov ya cusa bishof ɗinsa a a7, ya toshe layin da kansa. Musaya ta gagara. Ya jera hasumiyoyinsa a bayan bishof ɗin a natse, ya zama shi kaɗai ke da ikon buɗe layin duk lokacin da ya ga dama. 'Ya'yan Baƙi suka takura a wancan gefen suna jiran abin da zai faru, shi kuwa ya juya ya ci wasan ta wajen sarki. Alexander Alekhine ya kai abin ƙarshe a San Remo a 1930, inda ya jera hasumiyoyi biyu a layin c ya sa sarauniya a bayansu. Aron Nimzowitsch, wanda shi kansa malami ne a kan sha'anin buɗaɗɗen layi, ya rasa takun da zai yi ba tare da asara ba, ya miƙa wuya.

Kafin ka kashe taku uku ko huɗu wajen mallakar layi, tambayi kanka: ta ina zan shiga? Idan dokinsa da bishof ɗinsa sun tsare d7 da d8 da kyau, layin d kallo ne kawai. Ko dai ka fara kawar da mai tsaron ta hanyar musaya, ko ka nemi wani layin.

Mataki na huɗu: sahu na bakwai

Inda layin ke kai ka ke nan. Sahu na 7 shi ne inda sojojin Baƙi suka fara, kuma yawanci wasu na nan ba su motsa ba. Soja ba ya iya tsare ɗan'uwansa da ke gefensa a sahu ɗaya, don haka hasumiya idan ta shiga tana bin su ta gefe ɗaya bayan ɗaya. Abu na biyu, tana kulle sarkinsa a sahu na 8, ba ya iya fitowa ya taimaka. Sau da yawa shigar hasumiya sahu na 7 ta cancanci ka ba da soja guda dominta.

Idan biyu suka shiga, magana ta ƙare. Jera wannan: hasumiyoyin Fari a b7 da c7, sarkin Baƙi a g8, hasumiyarsa a f8, sojojinsa a g7 da h7, f7 babu kowa. Ta c7 ta ci g7, cek. Sarki ba zai iya cin ta ba saboda ta b7 na tsare ta, sai ya koma h8. Ta ci h7, cek, sarki ya dawo g8. Ta b7 ta zo g7, cekmet. Hasumiyarsa ta f8 ce ta toshe masa hanyar gudu. Ko da f8 babu kowa, biyu a sahu na 7 suna iya ba da cek ba iyaka, wanda ke ceto wasan da ya kusa kuɓucewa ya zama canjaras.

Amma kada ka ruɗu da sunan sahun. Idan sojojinsa duk sun yi gaba, sarkinsa ma ya riga ya fito, babu abin da hasumiya za ta samu a can. Kuma idan kai ne ake shirin shigar wa, tare ƙofar tun da wuri: matso da sarkinka ya tsare gidan shiga, ko ka sa taka hasumiyar a sahunka na 2.

Mataki na biyar: sahun ƙarshe, naka da nasa

Sarki a g8, sojojinsa uku a gabansa a f7, g7 da h7. Hasumiyar Fari ta sauka a e8. Idan babu mai cin ta kuma babu mai shiga tsakani, wasa ya ƙare, sojojin da ke tsare sarki su ne suka hana shi fita. Babu cekmet da ke cin masu koyo kamar wannan, kuma yakan zo ne daidai lokacin da mutum ya ga yana gaba ya kwashi hasumiyoyinsa duka ya tafi hari.

Duk lokacin da za ka ɗauke hasumiya ta ƙarshe daga sahunka na 1, tsaya ka duba. Idan ka samu takun da babu gaggawa, tura sojan h zuwa h3 ka buɗe wa sarki taga, amma ka tabbata bishof ɗinsa ko sarauniyarsa ba sa kallon h2. Ta ɓangarensa kuma, lura da ɗan da aka ɗora wa aiki biyu. Hasumiyar da ke tsaron sahu na 8 ba ta da 'yancin barinsa, don haka duk abin da ake ganin tana tsarewa a wani wuri, a gaskiya ba ta tsare shi ba. Ka ci abin, idan ta rama ka shiga bayanta.

Idan babu buɗaɗɗen layi

Wani lokaci sojoji sukan sarƙe, babu layin da zai buɗe. A nan sai ka ɗaga hasumiya ta gaban sojojinka: daga e1 zuwa e3, daga nan ta bi sahu na 3 zuwa g3 ko h3, ta fuskanci sarkinsa tare da sarauniya. Taku biyu ne ko uku, kuma yana ƙara wa hari nauyi sosai. Sharaɗinsa shi ne harin ya kasance na gaske. Idan ya mutu, hasumiyar takan maƙale a gaban sojoji, dawowa ta yi wuya, bayanka kuma a buɗe.

Maki 5 ɗin nan ma ba wahayi ba ne. A rufaffen wasa, dokin da ya kafu a tsakiya yana iya fin hasumiyar da ba ta da hanya. Tigran Petrosian, zakaran duniya daga 1963 zuwa 1969, ya shahara da ba da hasumiya a karɓi doki ko bishof. A Zurich a 1953, yana riƙe da Baƙi a gaban Samuel Reshevsky, ya ajiye hasumiya a e6 inda bishof zai ci ta, don kawai dokinsa ya samu hanyar zuwa d5 ya tare sojojin Fari. Wasan da yake cikin matsi ya tashi canjaras. Mai koyo kada ya yi ta yin haka barkatai, amma ya san akwai shi.

Mataki na shida: ƙarshen wasa

Nan ne hasumiya ke cin kasuwarta. Ita ce ke fitowa a makare, don haka ita ke yawan saura idan an gama musaya, kuma wasan da ya rage sarki da hasumiya da sojoji a kowane ɓangare shi ne ƙarshen da za ka fi haɗuwa da shi. A nan nake so ka fi ba da lokacinka.

Fara da kisa da hasumiya biyu. Fari na da su a a5 da b1, sarkin Baƙi na e6. Ta a5 ta riga ta rufe sahu na 5. Ta b1 ta zo b6, cek, sarki ya hau d7. Ta a5 ta zo a7, cek, sarki ya tafi c8. A nan ake yin kuskure: idan ka yi gaggawar kai ta b6 zuwa b8, sarki zai cinye ta. Kwashe ta zuwa can nesa, h6. Sarki ya matso b8 yana harin ta a7, ita ma ka kwashe ta zuwa g7. Duk inda ya taka, ta h6 ta sauka a h8, cekmet. Da hasumiya ɗaya sai sarkinka ya taimaka: ka riƙa rage masa fili da ita, sarkinka na biye yana tsare ta, har ka kai shi bakin allo. Kisan na zuwa ne idan sarakunan na fuskantar juna da gida ɗaya a tsakani, misali naka a e6 nasa a e8, hasumiya ta sauka a a8. Idan an buga daidai ba ya wuce taku 16, doka kuma ta ba da 50 kafin a nemi canjaras. Ka kula kada ka matse shi ya rasa inda zai taka alhali ba ya cikin cek, wannan ma canjaras ne.

Idan akwai sojoji, ƙa'idar da ta fi kowacce ita ce hasumiya ta kasance mai kai hari, ba mai gadi ba. José Raúl Capablanca na Kyuba ya nuna haka a New York a 1924, a wasansa da Savielly Tartakower. Hasumiyarsa na h7, ta kulle sarkin Baƙi a sahu na 8. Hasumiyar Baƙi ta zo cin sojansa na c3. Maimakon ya janyo tasa ta yi tsaro, sai ya bar sojan, ya tafi da sarkinsa g3, h4. Aka ci na biyu a f4, bai waiwaya ba, ya wuce g5, ya isa f6. A hanya akwai sojan Baƙi a f5 da zai iya ci, ya ƙyale shi, domin wannan sojan ne ke kare bayansa daga cek. Sarki da hasumiya da soja ɗaya a g6 suka taru a kan sarkin Baƙi, sojojin da ya bayar suka dawo da riba, ya ci wasan. Duk lokacin da ka ji hannunka na son mayar da hasumiya baya ta tsare soja guda, duba tukuna ko akwai sojansa da za ta iya hara a maimakon haka.

Sai maganar sojan da ya kuɓuta, wato wanda babu sojan abokin karawa a gabansa ko a layukan da ke gefensa da zai tare shi. Siegbert Tarrasch, likita kuma gwanin ces na Jamus, shi ya bar ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: hasumiya ta tsaya a bayan irin wannan sojan, naka ne ko nasa. Dalilin a fili yake. Duk takun da sojan ya yi gaba, ta bayansa filinta na ƙaruwa, ta gabansa nata na raguwa. A wasa na 34 na karawar neman kambun duniya a Buenos Aires a 1927, Alekhine na da soja a a5, hasumiyarsa na bayansa a a4, ta Capablanca na gabansa a a6. Ta Alekhine na iya kai da komowa a layin yadda take so, ta Capablanca kuwa da ta gusa sojan zai wuce. Da wannan wasan Alekhine ya zama zakaran duniya.

Ga abin da ke faruwa idan aka saɓa. Hasumiyarka na a8, sojanka na a7, hasumiyarsa na bayan sojan a a1. Taka ta kulle kanta. Idan sarkinsa ya zauna a g7 ko h7, canjaras ne. Amma idan ya yi kuskuren takawa f7, kai ta h8. Ya ci sojan a a7, ka ba da cek a h7, sarki ya kauce, ka cinye hasumiyarsa ta cikin sahun. Idan kuma ya hau g6, ka ba da cek a g8, sojan ya zama sarauniya. Ka san wannan ta ɓangarorin biyu.

Hasumiya kuma katanga ce. Idan sojanka na layin d, sarkinsa na layin f, ajiye ta a layin e. Sarkin ba zai iya ƙetarewa ya zo gaban sojan ba. Sau da yawa wannan ya fi cek amfani, domin cek marar dalili yakan kora sarki zuwa inda dama yake son zuwa.

Daga nan sai matsayi biyu da ya wajaba ka haddace. Na farko ana kiransa da sunan Lucena, na mai neman nasara ne. Sarkin Fari a b8, sojansa a b7, hasumiyarsa a c1. Sarkin Baƙi a d8, hasumiyarsa a a2. Saura taku ɗaya soja ya zama sarauniya, amma sarkin Fari na tsaye a gabansa, kuma da ya fito cek zai yi ta sha daga baya. Fara da cek a d1, sarkin Baƙi ya matsa e7. Yanzu kai hasumiya d4. Wannan takun ne sirrin, ko da yake a ido kamar bai yi komai ba. Baƙi ya jira a a1. Sarki ya fito c7, cek daga c1. Ya tafi b6, cek daga b1. Ya koma c6, cek daga c1. Ya sauko b5, cek daga b1. Sai hasumiyarka ta shigo b4 ta tare. Cek ya ƙare, babu mai hana sojan isa b8. Ana ce wa wannan gina gada.

Na biyu na mai neman tsira ne, daga François-André Philidor na Faransa, wanda ya bayyana shi a 1777. Kai ne Baƙi: sarkinka a e8, a gaban sojan, hasumiyarka a a6. Fari na da sarki a f5, soja a e5, hasumiya a h7. Muddin hasumiyarka na kan sahu na 6, sarkinsa ba zai iya hawa ba. Ka yi ta kai da komowa a sahun, a6, b6, a6, kada ka gaji. Abin da ya rage masa shi ne ya tura sojan e6, yana shirin kawo sarki f6 ya kashe ka a h8. A daidai wannan takun, ba kafinsa ba, ka sauke hasumiya can ƙasa zuwa a1. Ya zo f6, cek daga f1. Ya koma e5, cek daga e1. Ya tafi d6, cek daga d1. Sojan da zai ɓuya a gabansa ya riga ya wuce, babu mafaka, wasa canjaras.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ajiye hasumiya kusa da sarki a sahu na 8 ana jira. Wannan zaman yana tsayawa idan sojan na layin a, b, g ko h ne. Idan na c, d, e ko f ne, faɗuwa ake yi, domin hasumiyar Fari na da filin zagayawa ta ɗaya gefen sarkin. Jera matsayin nan biyu a allo ko a manhajar ces ta waya, ka buga su da kwamfuta, yau kai ne Fari gobe kai ne Baƙi. Idan sun zauna, sai ka matsar da komai layi ɗaya zuwa dama ko hagu ka sake bugawa, har ka kai kan sojan layin a da na h, inda gina gada ba ya aiki sai an datse sarkin abokin karawa can nesa.